Kuncin Nomau

Rabi ce ta jawo wannan babin. Ranar da ta kawo mini takardar shiga lakol, wato makaranta, ta masu jinya in sa hannu, sai ta tsaya a kaina ta ƙi tafiya.

"Baba, in hannunka ya kai yadda kake faɗa, me ya zaunar da kai a asibitin ƙauye shekara ashirin da wani abu kana wankin gyambo?"

Na yi mata abin da na saba. Na ce gwamnati ce ta ɓoye ni a Gangara don kada Faransa ta sace ni. Ta yi dariyar ladabi ta fita. Na san abin da ta ji, na san abin da ku duka kuka ji a bakin dangi a garinmu Gidan Sori: wai ni na sa aska na ɓata fuskar ƙanena Nomau, shi ya sa aka fitar da ni daga asibitin birni. Ban taɓa musawa ba, domin ni na fara faɗin haka da bakina. To, yau Baba mahaifina ba ya nan, Nomau ba ya nan, babu sauran wanda shiruna zai rufa wa asiri. Kun san ni da ƙarin gishiri, in na ga kare ɗaya sai in ce kura goma. A wannan babin zan yi ƙoƙari in bar kare a karensa.

Kakanku shi ne Sarkin Aska na garinmu. Duk Bagobirin da aka haifa a wannan yanki cikin shekara arba'in, in ka dubi fuskarsa rubutun Baba ne: shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, daga gefen baki zuwa kunne, a miƙe kamar kunyar gwanin manomi. A kasuwar Gidan Rumji yakan tsayar da ƙato mai gemu, ya kama haɓarsa ya juya, ya ce, "Wanga nawa ne, ranar ruwa na yi shi." Mu biyu ne maza da muka rayu a gidan. Da sarki ya aiko a ba da yaro ɗaya don lakol, Baba bai yi dogon tunani ba, ya ce a ɗauki Labo ko gidan ya ji yadda shiru yake. Nomau aka bar wa gadon zabira, jakar askar nan ta fata, domin shi hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya motsi sai da dalili.

Dalilin shirun nasa kuwa a fuskarsa yake. Yana ɗan shekara biyar, a wata shekarar yunwa, ƙyanda ta kama shi. Ta sake shi, sai wani baƙin tabo ya fito masa a kunci. Cikin kwana goma tabon ya cinye kuncin. Baba ya yi ƙaho, ya yi sassaƙe, malamai sun yi rubutu, ciwon ya tsaya don kansa bayan ya ƙoshi. Inna takan ce mutuwa ce ta ciji ɗanta ta tofar. Wajen bakwai ɗin ne ya tafi, duk da zanen. Abin da ya rage rami ne da kake hango haƙora ta ciki. Ya girma da ƙyalle ɗaure a fuska, yana cin abinci shi kaɗai bayan rumbu, ya karkata kai gefe kamar kaza don kada abin ya zubo. Aski ya iya, ƙaho ya iya, har ya fi Baba sauƙin hannu. Amma ranar suna, in ya miƙa hannu zai karɓi jariri, sai ka ga kaka ta matse jikanta a ƙirji tana duban wani wuri. Ba a faɗa a gabansa, amma kowa ya san maganar: wanda nasa zanen bai cika ba, yaya zai cika na wani?

Ni kuwa na gama lakol, na yi koyon jinya, na zama anfirme a asibitin birni, da farar riga da agogon da ba ya tafiya amma yana ƙyalli. Shugabanmu, wanda muke ce wa Majo, Bazabarme ne mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki da minti biyu. Da yake abokin wasa ne, kullum da safe sai ya ce, "Bagobiri, damisa ta sake kwana a fuskarka?" Ni kuma in ce masa ai gara damisa da yunwar da ta koro shi daga bakin Kwara. Haka muke rayuwa, allura da wankin miki da surutu, har shekarar da aka ce Faransa za ta tattara ta ba mu ƙasarmu.

Ku da kuka tashi kuka tarar da tuta ba za ku gane wannan shekarar ba. Kowane baƙin ma'aikaci yana satar kallon kujerar Baturen da ke kansa, yana auna ko za ta ɗauke shi. Masinja na ganin kansa akawu, akawu na ganin kansa kumandan. Mai sharar asibitinmu ma ya fara tafiya da hannu a baya. Cikin wannan zumuɗi ne aka kawo mana wani lokotoro, wato likita, Bafaranshe dogo siriri mara dariya, wanda ya koyi gyaran fuska a kan sojojin da yaƙi ya ɓata. Yakan ɗinke leɓen da aka haifa a tsage, ya saki wuyan da ƙuna ta manne da ƙirji, ya yi wa mutum hanci. Mutanen gari suka sa masa Tela. Wata rana ina cire zare a leɓen wata yarinya, sai na ji shi tsaye a bayana. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya koya maka riƙe ƙarfe haka?"

"Ubana wanzami ne, Mushe," na ce, domin haka muke ce wa Bafaranshe a madadin yallaɓai.

"To, kai ɗan abokin aiki ne. Gobe ka shigo ɗakin tiyata."

Wata uku ina miƙa masa almakashi kafin ya gaya mini abin da ke ransa. Ya ce shekara ɗaya ta rage masa a ƙasar. Ya ce akwai gurbi ɗaya a Dakar, shekara biyu ana koyar da anfirme aikin gyaran fuska, yadda in ya dawo zai iya ƙananan ɗinki da kansa, ya kuma riƙe ɗakin duk likitan da zai zo daga baya. A duk ƙasar babu mai wannan takarda. Ya ce sunan da ya rubuta shi za a ɗauka. Ban tsaya ya gama ba na riga na sayi mota a zuciyata, na auri mata huɗu, na gina soro da ake hangowa daga Katsina. Amma a ƙarƙashin wannan shirmen akwai abu ɗaya na gaskiya, shi ne ramin da ke fuskar ƙanena. Na nemi izini, na je gida, na yi kwana biyu ina roƙon Baba, na zo da Nomau a bayan kamiyo, babbar motar kaya.

Tela ya kwance ƙyallen, ya sa yatsa ya zagaye bakin ramin, ya dubi ɗaya kuncin mai zane shida, ya dube ni.

"Za a iya. Ni zan ɗinka, kai za ka raya. Ɗinki awa biyu ne, reno wata biyar. In fatar ta rayu, kai za ka tafi Dakar."

Bari in gaya muku yadda ake yi, Rabi ki saurara, wannan ba ya cikin littafin da za a ba ki a shekarar farko. Ba a yanko fata a liƙa kamar facin taya. Fata sai da jini. Tela ya tsaga doguwar fata a ƙirjin Nomau, ya bar bakinta biyu a manne, ya naɗe tsakiyar ya ɗinke, ta zama kamar hannun buta. Aka bar ta sati uku ta saba. Sannan ya yanke bakin ƙasa ya ɗaga ya dasa a wuya. Wani sati uku. Haka fatar ta yi ta hawa kamar tsutsa, taki ɗaya a wata, har ta isa kunci. Aikina shi ne kada ta mutu a hanya. Sau goma a yini nakan danna ta da yatsa in saki, in ga ko jinin ya dawo. In taɓa ta da bayan hannu in ji ɗuminta. In sunsuna ta. In ɗaure kan Nomau da ƙyalle a karkace don kada ya miƙe wuya ya tsinke ta. In ba shi kunu ta bakin buta. In kori ƙuda, wanda a damina a ɗakin nan sun kai yawan mutanen Kano. Damina guda Nomau ya yi a kwance, gonarsa a hannun maƙwabta.

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, duk asibitin ya watse zuwa kallo, har masu karaya sun ja ƙafa sun tafi. Ni ina zaune gefen gado da yatsa a kan fata. Kiɗa na shigowa ta taga.

"Yaya, mi aka wa kiɗi?"

"An ba mu ƙasarmu."

"Da can ina ta tahi?"

Na yi dariya har Majo ya leƙo. Nomau ma ya so yi, na riƙe masa kai na ce ya bari sai bayan kaka.

Bayan kaka kuwa aka yi yanka na huɗu, aka shimfiɗa fatar a kan ramin, aka raba ta da uwarta. Kwana goma sha biyu na cire zaren da hannuna. Na ari madubin Majo. Kuncin ya ɗan kumbura kamar masa, launinsa bai yi daidai da sauran fuskar ba, sumul, babu zane ko ɗaya. Amma kunci ne. Nomau ya daɗe yana kallo. Sai ya cika bakinsa da iska, kumatun biyu suka tashi, iskar ba ta fita ba. Ya sake yi. Ya sake yi. Mutum mai shekara ashirin da biyu yana wasan da yara ke yi. Na fita waje na tsaya bayan ɗakin magani, na ce wa masu wucewa hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Ana bukatar gadon, kuma Nomau ya ƙosa da gida. Ni na tsaya masa. Tela ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya zaunar da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Saurara da kyau. Fatar nan baƙuwa ce. Ta waje ta yi kama da ta warke, amma jijiyoyin da ke ciyar da ita sun fi gashi siranta. Wata shida kada ƙarfe ya taɓa ta. Ba aski, ba ƙaho, ba komai. Ka ce ubanka wanzami ne. Shi za ka fara gaya wa."

"Zan gaya masa, Mushe."

"Da Hausa, ba da wasa ba."

Har shi ya san ni.

Ranar da muka isa, garin kaf ya taru a ƙofar gidanmu. Tsofaffi mata na shafa fuskar Nomau suna salati, Inna ta kasa tsayuwa ta zauna a kan turmi. Ni kuwa na sami abin da na fi so a duniya, taron mutane da ba su san komai ba a kan abin da na sani. Na ba su labarin fatar da ta yi tafiya daga ƙirji. Na ce ta yi zango uku kamar ayari. Na ce Tela bai iya komai ba sai na nuna masa. Aka yi ta dariya. Sai na juya na kama haɓar ƙanena a gaban jama'a, yadda Baba ke yi a kasuwa, na juya fuskarsa hagu da dama.

"Ku duba, jama'a! Ta nan Bagobiri, ta nan baƙo. In ya shiga kasuwa sai a gaishe shi sau biyu, ɗan gari da ɗan ci-rani."

Har masu tari sun yi dariya. Nomau ya yi murmushi, ya zare haɓarsa daga hannuna a hankali. Shekara goma sha bakwai ana kau da kai daga fuskarsa, ranar farko da aka dube ta, wansa ya mai da ita abin dariya.

Da taro ya watse, Baba ya kira mu zaure. Idonsa ya fara rauni a lokacin, sai ya sa babban yatsa yana bin kuncin, daga gefen baki zuwa kunne, sau da yawa. Na san abin da yatsan ke aunawa, ɗan wanzami ne ni. Ya ce matar mai gari na da tsohon ciki, yana so a sunan nan ya miƙa wa Nomau zabira a gaban kowa. Sannan ya tambaye ni, ba wasa a muryarsa.

"Labo, kai ka san aikin ga. Fatar ga ta kama?"

Ga amsar da na ba shi, ban rage ba, ban ƙara ba.

"Baba, Bature ya ce wai kar a taɓa ta wata shida. Amma ka san Nasara da tsoro, ko ruwan rijiya sai ya dahwa shi kahin ya sha. Fatar da ni na rena? Ta hi fatar ganga. Ko gatari ka sa sai ya dawo."

Ban yi nufin a taɓa ba. Wallahi ban yi nufi ba. So nake Baba ya san ɗan da ya ba lakol don surutu shi ma ya iya wani abu. Na isar da saƙon, na kuma kashe shi a numfashi ɗaya. Baba ya gyaɗa kai. Shi a sana'arsa, in gwani ya ce fata ta kama, ta kama. Washegari na hau kamiyo na koma birni ina rera waƙa.

Abin da ya biyo baya Inna ce ta gaya mini, shekaru bayan haka. Da hantsi ne, kwana shida da tafiyata. Nomau da kansa ya wasa 'yar tsaga, ƙaramar askar zane, ya kawo wa Baba. Baba ya ce a bari, Nomau ya ce ai Yaya ya ce ta kama. Ya kwanta ya ɗora kansa a cinyar Baba kamar jariri ɗan kwana bakwai. Baba ya yi bisimilla ya ja na farko. Nomau bai motsa ba, Baba ya ce namiji. Ya ja na biyu. A na uku ya dakata ya kai fuskarsa kusa, domin shekara arba'in yana zane bai taɓa ganin fatar da aka tsaga ta ƙi zubar da jini ba. Ɗan baƙin jini ne ya taru a bakin tsagar, da wani ruwa-ruwa.

"Kana jin zahi?"

"Ban ji komi ba, Baba."

Ya ja na huɗu don ya tabbata. Sai ya ajiye askar.  Ya shafa baƙin tukunya a kan tsagar kamar yadda ake yi, domin hannu ya saba, sannan ya fita bayan gari bai dawo ba sai la'asar.

Kwana tara bayan haka ina ɗakin allura, Majo ya shigo. Bai ce mini Bagobiri ba. Ya kira ni da sunana, a nan na san an yi abu. Ya ce an kawo Nomau. Tun daga baranda na ji warin. Ƙyallen da muka jefar ya dawo fuskar Nomau. Na kwance. Layuka huɗu a miƙe, kyawawa, aikin gwani, tsakaninsu fata baƙa kamar gawayi. Na danna da yatsa na saki, kamar yadda na yi sau dubu. Babu abin da ya dawo.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji shi. Shi ke ba ni haƙuri.

Majo ya ja ni gefe ya ce in yi tunani kafin Tela ya zo. Ya ce mutumin nan zai rubuta wa jandarma, kuma sababbin masu mulki na neman wanda za su nuna wa duniya da shi cewa ƙasa ta waye. Tsohon wanzami ya fi kowa sauƙin kamawa. Na leƙa ta taga. Baba na zaune gindin bishiyar bedi a tsakar asibiti, da zabirarsa a hammata. Ya zo da ita ne don ya miƙa ta ga hukuma, ya amsa laifinsa.

Tela ya duba kuncin, bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da ya fi mini.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mushe. Na ga ta warke, na ce in cika masa zanensa."

Ya dubi layukan, ya dubi hannuna, ya leƙa taga inda nake leƙawa. Ba wawa ba ne.

"In kai ne, ba na son hannunka a ɗakina. In ba kai ba ne, na aike ka da magana ba ka kai ba, kuma ba na son bakinka. Zan rubuta abin da ka ce." Ya ɗauki almakashi ya miƙo mini. "Cire ta. Kai ka rene ta."

To, kun ji. Da dangi ke cewa na sa ƙarfe a fuskar Nomau, ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya. Ni na yanke mataccen kuncin, guntu-guntu, cikin tasa. Aikin wata biyar bai kai minti ashirin ba. Bai ji zafi ba sai da na kai bakin naman mai rai, a nan ya riƙe gefen gado. Ruɓar ta ci har cikin tsohon naman, ramin da ya rage ya fi na da faɗi.

Na roƙi Tela. Na durƙusa a buro, ni da ban taɓa durƙusa wa Bature ba. Na ce ƙirji yana da gefe biyu, a sake. Ya ce sai wurin ya yi shekara ya huce, shi kuma wata uku ya rage masa. Ya ce wataƙila wani zai zo bayansa. Ba wanda ya zo. Gurbin Dakar aka ba wani abokin aikina, mutumin kirki, ya tafi ya gama, wani asibiti a bakin teku ya riƙe shi, ban sake ganinsa ba. Ni kuwa, da yake ma'aikaci ne ya yi laifin a kan ɗan'uwansa, ba a kai ga jandarma ba, aka bar shi a matsayin horon aiki. Majo ya yi ta yawo da tumbinsa daga buro zuwa buro har aka mai da kora ta zama canjin wuri. Aka turo ni Gangara, ɗaki biyu da akwatin magani ɗaya.

Kafin in tafi na raka su tasha. Baba bai yi mini magana ba tun zuwansa, sai da kamiyo ya fara ɗaukar kaya.

"Don mi ka yi ƙarya?"

"Na saba, Baba."

Na zaci zai yi murmushi. Ya dube ni da idanun nan masu hazo ya ce, "Ni na tambaye ka a zaure. Da ka ce mini a'a, da na ji." Ya hau mota. Shekara goma sha huɗu ya ƙara a duniya, bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake tsayar da kowa a kasuwa ya ce wanga nawa ne ba. Mutane sun ɗauka kunyar abin da na yi ce ta sa shi shiru. Ya bar su a haka domin na roƙe shi, kuma ina jin wannan ya fi masa gidan kaso nauyi.

A Gangara, kowace shekarar da hatsi ya gaza, sai an kawo mini yaro biyu ko uku da baƙin tabon nan a kunci. Wasu na tsayar da ciwon da allura, suka rayu da raminsu. Uwayensu kan tambaye ni ko akwai inda ake gyarawa. Na san yadda ake yi, taki-taki, zan iya zana muku a ƙasa da tsinke. Ba ni da takarda, ba ni da ɗaki, ba ni da likita. Sai in ba su labari mai ban dariya in sallame su. Rabi, in kin gama kika ji ana neman masu wannan aiki, ki je. Aikin na nan jibge a ƙauyuka yana jira, bai ragu ba tun zamanina. Kuma in likita ya aike ki da magana, ki kai ta a yadda aka ba ki, ko da ba ta da daɗin faɗa.

Nomau ya gaji zabira duk da haka, ba a taro ba, ba a gidan mai gari ba. Idon Baba ya rufe, babu wani wanzami kusa, dole ta sa kakanni suka saki jikokinsu. Ya koma naɗa rawani har bisa hanci kamar Buzu. Tsakanina da shi ba a taɓa yin faɗa ba, kuma da an yi da na fi samun sauƙi.

Shekara uku da zuwana Gangara aka haifi ɗana Mamman. Nomau ya yi tafiyar kwana biyu, mota da ƙafa, ya kawo Inna, ya iso ranar suna da safe. Bayan an raɗa suna aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya karɓi jaririn ya yi masa aski, a hankali, gashin na sauka a ƙwarya. Ya gama, ya buɗe zabira ya zaro 'yar tsaga. Inna ta gyara zama, ta ce jikanta na fari ta wajen namiji, a yi masa shida da bakwai masu kyau. Ni ina tsaye, uban yaro, anfirme. Ba ni da bakin da zan hana Nomau ko in sa shi. Ya ɗora babban yatsa a kuncin Mamman, ya danna ya saki, ya tsaya yana kallon jinin yana dawowa. Ashe duk watannin nan da yake kwance yana lura da abin da nake yi. Ya mai da askar cikin zabira ya ɗaure.

"Fatar ga ba ta yi ƙwari ba, Inna. A bari."

"Wane irin ba ta yi ƙwari ba? Kai da wanka duk ranar bakwai anka yi muku!"

"A bari, Inna."

Ta yi faɗa, ta ce ni na zuga shi, ta ce boko ya cinye gidan Sarkin Aska. Haka kuka taso kuna jin wai ni na hana a yi muku zane don ina ganin na waye. Ba ni ba ne. 'Ya'yan mutane ya ci gaba da yi musu, sana'arsa ce, da ita yake ci. Amma duk shekara in ya zo, Inna takan tura masa Mamman, daga baya ta haɗa da ƙannensa, shi kuma ya durƙusa ya danna kumatunku ɗaya bayan ɗaya, kuna dariya kuna zaton wasa ne, ya miƙe ya ce ba ta yi ƙwari ba tukuna. Mamman na da shekara tara zuwansa na ƙarshe. Ya danna, ya saki, ya ce a bari sai baɗi. Kafin baɗi muka binne Nomau, da rawaninsa a fuska, domin ya roƙi kada a buɗe sai ni. Ni na wanke shi.